Mai Amsa Sunan Baba

Maɓallin da ke kusurwar hagu ta sama a kibod ɗin Anti Mai Kati ya fi sauran gogewa. Rubutun kansa ya tafi, sai sheƙi yake kamar an shafa masa mai. 'Yar Kwamfuta, mai kula da kwamfutocin asibitin, ta gan shi ne tana tsugune a gefen tebur, hannunta na laluben wayar firinta da ta ƙwace, kuma ba ta ɗauke shi a bakin komai ba.

Ba kasafai take saukowa ɗakin jiran asibitin ba. Ofishinta na can sama a ƙarshen baranda, wani ɗan ɗaki da a da sito ne, inda ba a jin komai sai gurnanin fanka. Sai abu ya lalace ake tunawa da ita, kuma hakan ya yi mata daidai, don ita ko gaisuwa ce sai ta shirya ta a zuci kafin ta fito.

Tana nan tsugune lasifikar bango ta yi ƙara, muryar nas ta kira mai bi a layi. Sunan babanta aka kira. Har da sunan kakanta a baya, har da lambar katin da ta haddace tun lokacin da take riƙo hannunsa su hau matakalar nan.

Babanta ya rasu bara, a gida, a kan kujerarsa.

Ta miƙe a hankali. Ɗakin cike yake, mata da goyo, maza da takardu a hannu, babu wanda ya motsa. Aka sake kira. Sai can a layin baya, kusa da tagar da ba ta buɗuwa, wani tsoho ya tashi. Dogo ne siriri, rigar sanyin da ke jikinsa ta yi masa yawa, yana riƙe da baƙar leda. Ko kaɗan bai yi kama da babanta ba. Ya ratsa tsakanin kujeru ba gaggawa, kamar wanda ya saba, ya shiga ɗakin likita aka rufe ƙofa.

"Ke, wayar ce ta ja ki ko aljani kika gani?" in ji Anti Mai Kati.

Da ƙyar ta tambaya wane ne wancan. Anti ta ce ai ɗan gida ne, kusan kullum sai an kira shi, wani lokacin ma fiye da sau ɗaya. Ita dai tunda take ba ta taɓa buga lambarsa ba, sunan ne ke hawa layi da kansa.

"Na ɗauka ke kika sa shi, ko wani babba ne mai katin alfarma. Sai na ce bari in ja bakina, kada in taɓo 'yan sama."

Wayar tebur ta yi ƙara. Anti ta kai hannu ɗaya ta ɗauka, ɗaya hannun kuma, ko kallo ba ta yi ba, ya tafi kan gogaggen maɓallin nan ya danna. Ɗan akwatin da ke tsakiyar allon yana tambayar lambar kati ya ɓace. A ƙasan jadawalin masu jira, sabon layi ya fito da sunan babanta.

Ba ta san yadda ta hau sama ba.

Ita ta haɗa wannan jadawali da hannunta, a watanninta na farko a wurin. Kafin nan a takarda ake rubuta masu jira, ana ta faɗa a kan wa ya riga wa. Sai ta rubuta wa jadawalin ɗan umarni, irin wanda ake ce wa makuro, ya riƙa fito da akwati yana tambayar lamba. A buga lamba, a danna To, sunan mai katin ya hau layi. In an fasa, a danna Fasa, ko wancan maɓalli na kusurwa. Kowa ya yaba, har Metiron, shugabar nas-nas, da ba ta yabon kowa ta ce ba laifi.

Ta buɗe umarnin tana bi layi-layi, ba ta yi nisa ba ta gan shi. Lokacin gwaji ta gaji da buga lamba, sai ta rubuta cewa in akwatin ya dawo fanko, a ɗauki lambar babanta. A gefe ta bar wa kanta tuni: na gwaji ne, a cire. Ba ta cire ba. Shi kuwa akwatin bai san bambancin wanda ya bar shi fanko da wanda ya fasa ba, duk abu ɗaya yake dawowa da shi. Duk lokacin da waya ta katse Anti, ko wani ya leƙo da tambaya, sai a tashi babanta a sa shi a layi.

Ta buɗe fayil ɗinsa. Da yake a gida ya rasu, babu wanda ya sanar da asibiti, ita kuma da take da ikon rufewa kullum sai ta ce gobe.

Fayil ɗin bai tsaya inda ya kamata ya tsaya ba. Bayan ranar da aka kai shi makwancinsa, babanta ya ci gaba da zuwa ganin likita. Ya yi tari, tarin ya lafa. Ya rame, ya ƙara ramewa. Ya yi ƙorafin ciwon gwiwa, shi da bai taɓa ciwon gwiwa ba. Likitocin ɗakin nan matasa ne masu juyawa, wannan ya zo wancan ya tafi, babu wanda ya san fuskar wani. Kowanne ya duba allo ya rubuta a ci gaba da magani. Maganin kuwa na tsinka jini ne, wanda aka ɗora babanta a kai saboda zuciyarsa. A rubutun baya-bayan nan an ce dasashinsa na zubar da jini.

Ta zauna tana kallon allon, fanka na juyawa a kanta, ta rasa wanda take jin tsoro dominsa.

A bencin ɗakin magani ta same shi, ledarsa a cinya, takardar likita a hannu. Ta fara zagayawa ta baya ta roƙi mai ba da magani ya dakata da na tsohon nan. Ya ɗaga gira ya ce yau kuma kwamfuta ce ke duba marasa lafiya? Amma ya ajiye ƙwayoyin a gefe.

Ta zauna a ƙarshen bencin, ta gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya tambaye ta aiki, ya tambaye ta mutanen gida. Da ya ɗaga hannu zai gyara hula, hannun rigar ya zame, ta ga tabo baƙi-baƙi tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, kamar an daddanna shi da yatsa.

Ta tambaye shi yadda aka yi ya sami kati. Bai ɓoye komai ba. Ya ce da tari ya fara zuwa, aka ce sai da katin shaida ake buɗe fayil, shi kuwa takardunsa sun daɗe da barinsa. Da ya ga wurin da sanyi, ga kujera, sai ya riƙa zuwa yana zama. A nan ya lura da wani suna da ake ta kira babu mai tashi.

"Ba kyau a yi ta kiran mutum ba a amsa ba, 'yata. Sai na amsa masa."

Ya ce tun daga ranar ake duba shi, ana ba shi magani, kuma bai taɓa tsallake ko ƙwaya ɗaya ba, don ba ya son ya ba mai sunan kunya. Sai ya juyo ya dube ta sosai. Idanunsa farare ne tas, kamar na wanda ya yi barci ya ƙoshi.

"Kin san shi ne?"

"Na san shi, Baba."

"To in kin gan shi, ki ce ina gaishe shi. Mutumin kirki ne. Bai taɓa zuwa ya ce in tashi ba."

Ta ce to. Ta roƙe shi kada ya tafi, tana zuwa.

Ofishin Metiron ƙamshin sabulu yake yi. 'Yar Kwamfuta ta tsaya a bakin tebur, hannuwanta a baya, ta faɗi komai tana kallon kalandar bango. Metiron ta cire tabarau ta ajiye. Sannan ta ce maganar wanda ya yi kuskure tana nan tana jira, ba za ta ruɓe ba. Yanzu a gyara abin nan, a rufe fayil ɗin mamaci, a buɗe wa tsohon nasa ko babu katin shaida, ita ta ɗauki nauyi. Ɗakin gwaji ba sa ɗibar jini sai da fayil, shi kuwa dole a auna jininsa yau, kafin ya je ya yi tuntuɓe a wani wuri ya zube.

"Suna kawai nake so da shekaru. Ko su ma sai na rubuta miki umarni?"

Gyaran bai ɗauke ta komai ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. Ta goge layin gwajin. Ta koya wa akwatin cewa wanda ya fasa ya fasa, kada a rubuta komai. Wanda kuma ya danna To bai buga komai ba, a sake tambayarsa, kada a bar shi ya wuce. Haka ta yi wa akwatin lamba, haka ta yi wa na buɗe sabon fayil. Sannan ta koma kan na babanta. Wani akwatin ya fito yana tambayar ranar rasuwa. Ta buga, ta danna To, layinsa ya koma ruwan toka.

Da ta sauko, Anti Mai Kati ta riga ta kira tsohon gaban taga. Labari ya iso gare ta, ta daina wasa da 'Yar Kwamfuta, amma ba ta daina da shi ba. Ta ce masa yau zai zama mai gidan kansa, ya gama haya. Akwatin ya fito a allo, fari, ɗan siririn layin rubutu na ƙiftawa a ciki.

"Baba, sunanka."

Ya faɗi sunan babanta, cikakke, har da lambar.

"A'a, wannan na aro ne, mun mayar wa mai shi. Naka na ainihi, wanda tsohonka ya sa maka."

Ya yi murmushi kamar an tambaye shi abu mai sauƙi. Ya buɗe baki. Leɓunansa suka motsa, suka tsaya. Ya dubi ledarsa, ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. Murmushin yana nan a fuskarsa, amma babu kowa a bayansa. Anti ta jira, ta gaji, hannunta ya danna To bisa sabo. Akwatin ya ɓace ya dawo, fanko, yana tambaya. Ta sake dannawa. Ya sake dawowa.

Anti ta sassauta murya ta tambaye shi ko yana da 'ya'ya, ko akwai wanda za a kira, a ina yake kwana. Kamar ba da shi take ba. Ya ɗaga kai yana kallon lasifikar bango. Aka kira wata mata, ta tashi da goyonta. Aka kira wani, ya tashi. Tsohon na tsaye yana saurare, kansa a karkace, har aka gama kiran waɗanda ke layi, lasifikar ta yi shiru.

Waya ta yi ƙara, Anti ta juya ta ɗauka. 'Yar Kwamfuta ta jawo kibod ɗin gabanta. Ko me ta buga akwatin zai karɓa, ta sani, ita ta rubuta shi. Tsoho. Baƙo. Ba a sani ba. Ta ɗora yatsu tana neman wanda ba zai zama wata ƙaryar ba, wanda in an kira shi a lasifika zai gane da shi ake.

Da ta ɗago, takardar likitan na kan katakon tagar, an shimfiɗa ta an daidaita gefenta da na katakon. Shi kuma ya kai tsakiyar ɗakin, yana ratsa kujeru da tafiyar nan tasa marar gaggawa, ya nufi ƙofar fita.

"Baba," ta ce.

Tsofaffin da ke layin gaba suka waiwayo. Shi bai waiwayo ba.

Ta zagayo tebur, ta tsaya. Suna ɗaya ne zai tsayar da shi, kuma yana kan harshenta. Tunda aka haife ta ba ta taɓa kiran sunan nan da bakinta ba. Ta ja numfashi, ta buɗe baki, wani mai keken marasa lafiya ya shigo ya tare hanya yana neman a matsa. Tsohon ya raɓe ya ba shi wuri, har ya riƙe masa ƙofa ya gama wucewa. Sannan ya gyara ledarsa a hammata, ya fita.