Murmushin da ke Bango

Hoton Baba guda ɗaya ne tak a duniya, ɗan mitsitsi, na katin wurin aikinsa. Shi ma ruwan da ya ɗigo daga rufi ya cinye shi daga hanci zuwa haɓa, ido da goshi kaɗai suka tsira. Mutumin bai taɓa yarda ya tsaya gaban kyamara ba, wai shi ba ɗan wasa ba ne.

Shekara biyu da rasuwarsa, Auta ta lura fuskarsa ta fara kuɓuce mata. Muryar tana nan, har tarin da yake yi kafin ya shigo gida, amma fuskar sai ta yi kokawa take zuwa. Abin ya tsorata ta ƙwarai. Ta ɗauki katin, ta ja babban wansu, suka nufi shagon wani mai hoto da aka ce yana tada tsofaffin hotuna a kwamfuta.

Shagon ɗaki ɗaya ne, da shuɗin labule da fanka mai ƙara. Mai hoto ya ɗaga katin wajen haske.

"Saman ba matsala," in ji shi. "Ƙasan ne babu. Sai ku faɗa mini yadda bakinsa yake."

"A tsuke," in ji Yaya. "Baba ba ya dariya."

"Haba Yaya! Baba fa? Kullum cikin murmushi yake."

"Ke yake yi wa. Ni da na sha bulala na san bakin da na gani."

Babu maƙaryaci a cikinsu. Yaya ya zo duniya Baba na ji da ƙarfi da zafin rai, ita kuwa ta zo tsoho ya huce, sai cika aljihu da alewa. Ruwan da ya dake ka ai shi ne ruwa. Suka yi ta ja har Yaya ya dubi agogo, ya ja tsaki, ya ce a yi yadda take so, shi aiki ke jiransa.

Sau uku tana komawa. Na farko ta ce bakin ya cika faɗi. Na biyu ta ce haƙoran sun yi yawa. A na uku ta tsaya bayan kujerarsa, ta dafe ƙirji.

"Yawwa! Wallahi shi ne."

Ta yi kukanta ta share, aka wanke hoton babba, aka sa a gilashi, aka rataye a falo saman talabijin. Mama ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Idon dai nasa ne." Ta koma ɗaki. Auta ta ɗauki wannan a matsayin yabo.

Hoto ya zauna daram. Baƙi suka riƙa cewa kamar ka kira shi ya amsa. Jikokin da ba su san shi da wayo ba suka ɗauka kakansu mai fara'a ne. Kai, har Yaya, mai labarin bulala, wata rana aka ji shi yana cewa Baba akwai barkwanci. Auta kuwa hankalinta ya kwanta. Duk sanda ta nemi fuskar, nan take take zuwa.

Bayan wata bakwai ta koma shagon don a cire mata ƙarami ta sa a jaka. Ta tarar da wani mutum zaune gaban labulen, akwatin kayan gyaran famfo a gefen ƙafarsa. Ta gaishe shi. Ya ɗago ya yi mata murmushi.

Bakin hoton Baba ne sak. Leɓen ƙasan nan mai ɗan kauri, karkacewar nan ta hagu, har giɓin da ke gefe.

Ta jira ya fita, sannan ta tambayi mai hoto. Ko a jikinsa.

"To Malama, baki daga sama zai faɗo? Haka aikin yake. Cikin hotunan da nake da su na duba, na ɗauko wanda ya dace, na daidaita. Biyu kika ƙi. Wannan ke da kanki kika rantse shi ne."

Gaskiya ne, ta rantse ɗin.

Ta fito ba tare da ƙaramin hoton ba, ta shiga motar haya, ta samu wuri jikin taga. Haushi take ji, amma ta rasa wanda za ta ɗora wa. Ta ce a ranta ba komai, ai shekara ashirin da shida ta yi tana kallon mutumin nan, ba ta buƙatar gilashi. Ta rufe ido ta kira shi. Ya yi tarinsa, ya shigo, goshin nasa, idon nasa, ya tsaya yana yi mata murmushi da bakin mai gyaran famfo.

Ta buɗe ido, ta bari suka wuce tasha biyu, ta sake gwadawa. Bakin dai shi ne.