Ƙarfe Huɗu da Minti Goma

Injiniya ba injiniya ba ne. Zanen gidaje yake yi wa mutane a kwamfuta, a teburinsa da ke kusurwar falo. Tun yana yaro ba ya ganin abu mai noti ya bar shi a ɗaure, shi ya sa mahaifinsa ya laƙaba masa sunan, sunan kuma ya bi shi har ya yi furfura.

Mahaifin nasa tsohon mai gyaran agogo ne. Bayan rasuwar matarsa ya dawo gidan ɗan, aka ba shi ɗakin baya, wanda sai an wuce kicin da igiyar shanya ake kaiwa. Sai dai Baba ba ya zama a can. Kullum da hantsi zai jawo kujera kusa da teburin Injiniya, da wayar da 'yarsa ta aiko masa a hannu, ya ce, "Intanet ɗin nan taku ba ta kaiwa ɗakina." Daga nan sai labari, sai tari, sai kurɓar shayi da ƙara. Rannan Injiniya yana tsakiyar magana ta bidiyo da wani mai son a zana masa bene, Baba ya leƙo daga shi sai singileti, ya tambayi mutumin ko agogon hannunsa na asali ne.

Injiniya ya ji kunya har cikin ƙashinsa. Mutumin kirki ne, irin masu kirkin nan da ba sa iya korar mutum da baki, sai dai su nemo na'urar da za ta yi musu aikin.

Ya samo tsofaffin rauta guda uku, waɗannan akwatunan masu raba intanet a gida. Ya goge manhajar kamfani da ke cikinsu, ya zuba wadda kowa ke da izinin buɗewa ya gyara yadda yake so. Ɗaya a falo, ɗaya a kan firji a kicin, ta uku a ɗakin Baba, kowace tana miƙa wa ta gaba sigina kamar leburori masu miƙa bulo. Ya ba su suna da lambar sirri irin na da, don wayoyin gidan su hau da kansu.

"Duk wannan wahalar don Baba?" in ji matarsa.

"Wa nake da shi da ya fi shi?" in ji Injiniya. Da daɗin da maganar ta yi masa a baki, saura kaɗan shi ma ya yarda da ita.

Awa biyu ya yi a ɗakin baya ranar da ya saka ta ukun. Baba yana zaune a bakin gado, yana miƙo sukundireba tun kafin a nema. Da fitilar rautar ta koma kore, Injiniya ya kaɗe hannu ya ce, "Shi ke nan, Baba. Yanzu ba sai ka wahalar da kanka zuwa falo ba."

Baba ya daɗe yana kallon fitilar, sannan ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka."

Falo ya yi tsit, aiki ya tafi sumul. Amma a rana ta uku da yamma, a taswirar da ke nuna rautocin a allonsa, ɗigon ɗakin baya ya koma ja. Ya ɗauki kwamfuta ya tafi. Ya tarar da fitilar tana ƙiftawa, alamar yanzu take farfaɗowa. Ya zauna a kujera yana bincike, Baba ya turo masa kofin shayi ya kama labarin wani agogon bango da ya ƙi gyaruwa shekara uku. Injiniya yana cewa "uhm", idonsa a allo.

Washegari haka, jibi ma haka. Ya sake zuba manhajar tun daga farko, ya canja wayar wuta, ya canja tashar sigina, a banza. Abin ya fara taɓa masa girman kai, har ya rubuta tambaya a dandalin masu amfani da manhajar. A rana ta bakwai kansa ya ɗau zafi.

"Baba, ko dai ƙafarka tana taɓa filogin nan ne?"

"Wataƙila," in ji Baba. "Tsufa."

Nan take Injiniya ya turo kabad ɗin kaya ya rufe soket ɗin ruf, yadda ko yatsa ba zai shiga ba, ya fita yana jin ya yi dabara.

Kashegari, yana rufe taronsa na bidiyo na ƙarshe da ƙarfe huɗu, ya ga wani ya amsa masa a dandalin. Mutumin ya ce manhaja ba ta da laifi, ya duba bayanan da babbar rautar, ta falo, ke ajiyewa, ya ga lokacin da ta ukun ke ɓacewa, da kuma su wa ke hawa kanta.

Ya duba. Ƙarfe huɗu da minti goma. Ya koma ranar da ta gabata: huɗu da minti goma. Kwana biyar a jere, ko minti ɗaya bai goce ba. Filogin da ya yi sako-sako ba ya duba agogo. Sai ya buɗe jerin na'urorin da suka taɓa hawa rautar ɗakin baya. Guda ɗaya ce tak, kwamfutarsa. Wayar Baba ba ta nan, ba ta kan ta kicin, ba ta kan ta falo. A lokacin ya tuna, tun zuwansa gidan Baba bai taɓa tambayar kowa lambar sirri ba.

Ashe Baba ne ke zare filogin. Mutumin da ya yi watanni a gefen teburin nan ya san ƙarfe huɗu ake gama taro. Minti goman kuwa na ya bar ɗansa ya ɗan numfasa ne.

Ya kalli ƙasan allo. Huɗu da kwata, ɗigon yana nan kore shar.

Ya wuce kicin, ya sunkuya ta ƙarƙashin shanya, ya tura ƙofar. Baba yana durƙushe, ya sa kafaɗa a jikin kabad yana nishi, hularsa ta faɗi ƙasa, kabad ɗin ko gezau. A kan ɗan tebur akwai kofi biyu suna tururi.

Tsohon ya waiwayo, ya yi tsuru-tsuru kamar yaron da aka kama da hannu a gwangwanin madara. "Wani ɗan noti ne ya faɗa mini bayan kabad," ya ce.

Injiniya ya so ƙasa ta tsage ya shige. Ya kama Baba ya zaunar da shi, ya miƙa masa hularsa, ya janye kabad ɗin, ya zare filogin da hannunsa. Fitilar ta mutu.

"Ta sake lalacewa, Baba," ya ce. "Ina ga gobe sai dai ka dawo falo."

Baba ya gyara zaman hularsa a hankali. "Mayar da abarka, Injiniya. Shekara arba'in ina buɗe cikin agogo. In na ga na'ura, na san aikin da aka kawo ta ta yi. Wannan lafiyarta ƙalau, tana aikinta."

Injiniya ya tsaya da filogi a hannu, ya kasa ɗaga kai, ya kasa mayarwa.

Baba ya turo masa kofin. "Sha kafin ya huce," ya ce. "Ba zan riƙe ka ba."