Wakili Ya Je Makaranta

"Mama, in malami ya ce na yi ƙarya, na yi ke nan?"

Rekiya ta ajiye kwanon dusa, ta karɓi takardar daga hannun 'yarta Zuhra. An ce 'yan aji uku su zana talotalon daji, su faɗi cimarsa da makwancinsa. Zuhra ta rubuta fara da tsaba, ta ce bisa bishiya yake kwana, sannan ta shafa wa kansa shuɗi. Malaminsu Mista Andrew ya ja jan biro a kai, ya tsayar da ita gaban aji, wai ta ƙirƙiro tsuntsun da Allah bai halitta ba.

"Haka na ga kan Wakili," in ji yarinyar, idonta a ƙasa.

Wakili shi ne babban talotalon gidan. Washegari Rekiya ta ɗaure ƙafafunsa da tsumma, ta rungumo shi, suka hau motar Jiwa zuwa Utako.

"Madam, Kirsimeti da saura fa," in ji kwandasta. "Ko oga ne zai yi baƙi?"

"Makaranta za shi."

Mista Andrew ya buɗe mata littafi a tsakar makaranta. "Madam, duba hoton, kansa ja ne. Daga waje aka kawo littafin nan."

Rekiya ta dubi Wakili. Fushin mota ya mai da kansa ja wur kamar tattasai. Yara suka fara dariya, Zuhra ta ɓuya bayan zanenta.

"Malam, ku ɗan ja baya. Shi ma baƙo ne."

Ta kwance shi, ta watsa dawa, ta tsuguna tana jira. Wakili ya tsattsaga, ya huce. Can ya hango kansa a gilashin ƙofar ofis, sai ya kumbura, ya baje wutsiya kamar mafici, yana jan fukafukai a ƙasa. Jan ya janye, tsakar kai ta yi fari, fuska ta rine shuɗi.

Mista Andrew ya rufe littafin a hankali. "Zuhra, zo ki faɗa musu me yake ci."

Rekiya ta gyara mayafinta.

Don haka in ka ga mace rungume da talotalo a motar Utako, kada ka taya. Mai shaida ne, kuma yana saran baƙo.