Tafin Mai Gashi

Shekara ashirin da biyu Wilmar Techera yana hura wutar gashi duk ranar Lahadi, a tsakar gidan da mahaifinsa ya bari a garin Paysandú. Dangi su cika dogon teburi, shi yana tsaye gaban garwashi yana juya haƙarƙarin saniya. In an ci an ƙoshi sai wani ya ɗaga murya, "A tafa wa mai gashi!" Sai a tafa, shi kuma ya rusuna. Wilmar bai yi aure ba, bai haihu ba. Wannan tafin shi ne rabonsa na mako, kuma yana isarsa.

Sai ya fara jan ƙafarsa ta hagu. Likita ta ce esclerosis múltiple ce, cutar da ke cin rigar jijiyoyi. Ta ba shi magani, ta ce ya rage jan nama da maiƙo da gishiri, ya riƙe kifi da wake da ganye da man zaitun.

"Abinci ba zai warkar da kai ba, amma zai tallafi jikin," in ji ta. "Kuma ka kiyayi zafi, shi zai riƙa kashe maka ƙafa."

Ragewa ta ce, ba dainawa ba. Amma a garin da in babu nama a faranti ake cewa ba a ci komai ba, sai dangi suka ɗauki abin kamar rasuwa. Tausayi ya kama su, irin tausayin nan da ba ya shawara da mai shi. Suka kwashe zaman Lahadi suka mayar gidan Ademar, mijin ƙanwarsa Nilda, wai kada ya gani ransa ya biya. Ba wanda ya gaya masa. Layi biyu ne tsakanin gidajen, in iska ta juyo har tafin yana ji.

Nilda takan leƙo da safe da dafaffiyar kabewa a roba, ta ajiye a tsaye.

"Yaya, ga shi, ko ƙwayar gishiri babu."

"Ina za ki kike wannan sauri?"

"Wanki na bari."

"Wanki da jan baki? Ke dai Auta, tun kina ƙarama ba ki iya ƙarya ba."

Wata biyar yana cin abincinsa shi kaɗai a ƙarshen teburin mutum goma sha biyu. Ya bi maganar likita sau da ƙafa. Ya koyi miyar wake da alayyahu, tumbinsa ya sauka, gajiyar yamma ta ɗan yi sauƙi. Sai dai babu wanda zai ba labari. Kaɗaicin ya fi ciwon cin ransa, kuma ya san da haka.

Ran wata Asabar ya dogara sanda ya gangara bakin kogi, ya sayo manyan kifaye uku wajen masunta. Ya bi dangi a waya ɗaya bayan ɗaya: gobe akwai wuta a gidansa.

Ademar ya kece da dariya. "Kifi, babban yaya? Ran Lahadi? Laifin me muka yi?"

"Ka zo ka ci, sarkin baki."

"To, za mu gani."

Tun da sanyin safiya ya hura itace. Ya jiƙa tawul ya rataya a wuya, ya ajiye bokitin ƙanƙara kusa. Duk da haka, kafin garwashi ya yi ja ƙafafunsa sun mutu, idon dama ya yi hazo. Ya jawo kujera ya zauna, yana juya kifin daga zaune da dogon cokalin gashi, yana shafa masa tafarnuwa da lemun tsami. Faranti goma sha biyu ya riga ya jera.

Ƙarfe sha biyu ta yi. Ɗaya ta wuce. Fatar kifin ta fara bushewa, ya janye shi gefen wuta.

Ƙarfe biyu saura kaɗan Nilda ta turo ƙofa, ita kaɗai, gashinta na ƙamshin hayaƙin kitse. Ta dubi farantan, ta buɗe baki.

"Kada ki ce suna hanya," in ji Wilmar. "Zauna kawai."

Ta zauna. Ta kai loma, ta sake kaiwa.

"Yaya, ashe haka ka iya? Ni da nake ta ɗura maka kabewa!"

"Kaji nake ba wa. Su ma sun fara ƙorafi."

Ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. A daidai nan iska ta juyo daga gidan Ademar, ta kawo sowa da tafi. Wilmar ya sunkuyar da kai yana tona toka da cokali.

Nilda ta ajiye wuƙa ta miƙe tsaye.

"A tafa wa mai gashi!" ta faɗa da ƙarfi, kamar teburin a cike yake.

Ta tafa, hannu biyu rak a faɗin tsakar gidan. Wilmar ya dafa kujera zai tashi ya rusuna yadda ya saba, ƙafa ta ƙi. Sai ya ɗaga cokalin gashin sama daga inda yake zaune.

"Ƙara, Auta," ya ce. "Na can ya danne naki, ban ji sosai ba."