Adireshin Yaya Changhe

"Ku dubi nan," in ji Shugaba Geng, yana ƙwanƙwasa taswirar da ke jikin bango da gindin biro. "Ja wur. Unguwannin cikin birni ke nan, duka huɗun. To ku ɗaga ido sama, gundumomin kan dutse. Kore shar."

Mutum bakwai ne a ɗakin taro na ofishin rajistar ciwon daji, kowa da kofin shayinsa a gabansa. Dou Lanfen ce ta haɗa alƙaluman da aka zana taswirar da su. Wata uku ta yi tana shigar da katunan da asibitoci suka aiko, ɗaya bayan ɗaya, har ta san lambobin kamar yunwar cikinta. A cikin birni, mutum ɗari uku da ashirin ne suka kamu cikin kowane mutum dubu ɗari. A gundumar da aka haife ta, ɗari da casa'in.

"Iska mai kyau, abinci daga gona zuwa tukunya, ba hayaƙin mota," Shugaba ya ci gaba. "Ni in na yi ritaya can zan tattara. Lanfen, ki fara nema mini fili a ƙauyenku."

Aka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Shugaba, katin wanda ya je asibiti kaɗai ke zuwa mana. Wanda ya kwanta a ɗakinsa har ya cika, 'tsufa' likitan ƙauye ke rubutawa."

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Ba mugun mutum ba ne, gajiya ce dai ta yi masa yawa.

"Na sani, kin sani, na lardi ma sun sani. Amma kina da katin da ba a aiko ba? To. Ki sa layi ɗaya a ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Ranar Juma'a rahoton zai tafi."

Wayarta ce ta yi ta motsi a aljihu har ta fita baranda ta ɗauka. Suying ce, matar yayanta, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Gwaggon yara, ki yi haƙuri na kira ki a wurin aiki. Ina bayan garken aladu ne, kada ya ji. Yayanki ne. Kwana uku ke nan ko kunu sai da ƙyar yake wucewa."

"Tun yaushe abin ya fara?"

Suying ta ƙara rage murya.

"Tun shukar masara ya daina cin burodi. Ya ce wai ya gundure shi."

Lanfen ta dubi itatuwan bakin titi, ganyensu duk ya yi rawaya. Wata biyar ke nan.

Ba ta koma taron ba. Ta tsallaka titi zuwa babban asibiti, inda wata nas da suka yi makaranta tare ta samo mata gurbi washegari da ƙarfe takwas, a ɗakin da ake zura bututu mai kyamara ta baki a duba maƙoshi. Ta ninke takardar da za a cike ta sa a jaka, ta tsayar da tasi zuwa tasha.

Awa uku motar ta yi tana hawa. Fasinjojin yawancinsu tsofaffi ne masu buhuna, sai wata mata da ta rungume sabuwar tukunyar lantarki a kwali. Lanfen ta jingina kai da taga. Tana shekara ashirin da uku mahaifinsu ya rasu. Abin da ta fi tunawa shi ne tasar da aka ajiye masa a gefen gado, don a ƙarshe ko yawun bakinsa ba ya iya haɗiyewa. Mutanen ƙauye "ciwon shaƙa" suke cewa, kuma ba a faɗinsa da ƙarfi. Shekararsa hamsin da takwas, amma takardar mutuwarsa tsufa ta ce. Yayanta Changhe kuwa bana ya cika hamsin da bakwai.

A kan rufin gida ta same shi yana baza masara da shebur. Ya leƙo, ya kare rana da hannu.

"A'a! Manyan birni! Hanya kika ɓata ne?"

"Sauko, Yaya."

"Ba ko gaisuwa? Haka ake yi a ofishinku?"

Ya sauko tsanin a hankali, yana hutawa a kowane mataki na uku. Da ya taka ƙasa ta ga wuyansa yana yawo a cikin kwalar riga, ta ga sababbin hudoji biyu da ya huda a jikin bel ɗinsa da ƙusa. Ya lura da inda idonta yake, sai ya saki rigar ta rufe wurin. Ya juya ya harari matarsa da ke tsaye a ƙofar kicin tana goge hannu a zani.

"Ke ce ko? Bakinki ya fi ƙafarki sauri."

"Ni ce," in ji Suying. "Ka fasa wayar in ka ga dama."

Aka kawo abinci a ƙaramin teburin tsakar gida: kunun gero, burodin tururi, ganye mai tsami, da ƙwai da aka soya saboda baƙuwa. Changhe ya yi ta surutu, labarin farashin masara, labarin maƙwabci da ya sayi babur mai ƙafa uku ya afka rami da shi ran farko. Kununsa yana gabansa, an tsinka shi har ya zama ruwa, yana ta juya shi da cokali.

"Ci burodi, Yaya," Lanfen ta ce.

"Na ƙoshi."

"Loma ɗaya. In ta wuce, na kama motar ƙarfe huɗu ban sake cewa komai ba."

Ya dube ta, ya yi murmushi irin wanda yake yi mata tun tana ƙarama in ta ƙalubalance shi. Ya gutsuri burodin, ya tauna, ya tauna, ya daɗe yana taunawa. Ya haɗiye. Ya ɗaga hannu kamar zai ce kin gani, sai fuskarsa ta canza. Ya dafe ƙirji, ya kurɓi ruwa, ruwan ya dawo ta hanci. Ya tashi da sauri ya nufi bayan ɗaki. Suna jin shi daga nan.

Suying ba ta bi shi ba. Ta tattara sandunan cin abincinsa ta ajiye a kan kwano.

"Ba ya so a gani," ta ce.

Da ya dawo idanunsa sun yi ja. Lanfen ta fito da takardar ta shimfiɗa a kan teburin.

"Gobe da ƙarfe takwas. Minti goma ne kawai. In an gan shi da wuri ana yankewa, Yaya. Ina da katunan mutanen da aka yi wa shekara goma da suka wuce, har yau suna noma."

"In kuma ba da wuri ba ne?"

"Sai mu sani."

"Na riga na sani. Ni na riƙa zubar da tasar Baba, ke kina makaranta." Ya zaro sigari, ya dube shi, ya mayar. "Bayan bikin Haibo zan je. Na yi miki alkawari."

"Bikin Haibo sai sabuwar shekara! Wata huɗu fa!"

"To wata huɗu ne."

Haibo shi ne ɗansu tilo, yana aiki a masana'antar takalma can kudu. Shekararsa talatin da ɗaya. Sau biyu ana kai maganar aurensa ana dawo da ita, don ba mai son ba da 'yarsa a ƙauyen kan dutse. Sai bana aka dace da wata yarinya daga ƙauyen kwari.

"Kin san abin da uban yarinyar ya fara tambayata?" Changhe ya ce. "Bai tambayi gida ba, bai tambayi gona ba. Cewa ya yi, me ya kashe mahaifinka? Na ce zuciya ce."

"Ba wanda zai ji. Asibitin birni ne, wa ya san ka a can?"

"Haba Lanfen, ni za ki yi wa wayo? Lokacin da aka gano na tsoho Shen, ba daga ofishinku kati ya zo wa Likita Meng na ƙauyen nan ba, wai ya riƙa bibiyarsa? Kafin a kunna fitila duk ƙauye ya ji. 'Yar Shen ga ta can, talatin da huɗu, tana kiwon kaji a gidan ubanta. Matar Likita Meng kuwa kin san wace ce? Innar yarinyar da Haibo zai aura ce, uwa ɗaya uba ɗaya da uwarta."

"Ba gado ba ne kai tsaye. Akwai abinci, akwai ruwa, akwai..."

"Je ki gaya wa uban yarinyar."

Gaskiya ya faɗa game da katin. Ita da hannunta take rarraba su duk ƙarshen wata, kowane kati zuwa asibitin unguwa ko likitan ƙauyen da adireshin mai shi ya nuna.

"Yaro ya yi shekara goma sha biyu yana shaƙar gam a masana'anta," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Ban ba shi ilimi ba, ban ba shi gida a birni ba. Wannan ɗaya da ya samu, ni zan ƙwace masa da maƙoshina?"

Wata kaza ta hau teburin, ba wanda ya kore ta. Suying ce ta yi magana, idonta a kan takardar, ko da yake karatunta bai yi nisa ba.

"Gwaggon yara, katin nan, me yake bi? Sunan mutum ko gidansa?"

"Gidansa. Inda aka rubuta yana zaune yanzu."

"In gidan ba nan ba ne fa?"

Lanfen ta ɗago ta dube ta. Suying ba ta kau da kai ba.

"Ke, rufa mata asiri," Changhe ya ce. "Aikin gwamnati take yi. Kada ki ja mata."

"Tambaya na yi."

Shekara goma sha tara Lanfen ta yi a ofishin nan. An san ta da mayar da kati asibiti saboda kuskuren harafi ɗaya. Ta taɓa sa wata sabuwar ma'aikaciya kuka don ta cike gurbin adireshi da ka maimakon ta buga waya ta tambaya. In ta rubuta gidanta, katin zai tafi asibitin unguwarsu, inda ba wanda ya taɓa jin sunan wannan ƙauyen. Za a ƙirga shi cikin mutanen birni. Gundumarsu kuma za ta ci gaba da zama mai lafiya a takarda, ba za a turo motar gwaji ba, ba za a turo likita ba, kamar bara, kamar bariya. Duk wannan ta san shi fiye da kowa a lardin.

Ta dubi yayanta. Yana zaune ya haɗe hannuwa tsakanin gwiwoyi, yana ƙoƙarin haɗiye yawu ba tare da an lura ba.

"In na rubuta, za ka bi ni yau? Ba gobe ba. Motar ƙarfe huɗu."

"Masarar fa?"

"Masarar ta ci kanta," in ji Suying. "Ni ba ni da hannu ne?"

Ya ɗaga kai ya dubi rufin. Can ya ce, "Haibo kada ya ji."

"Ba zai ji daga bakina ba," in ji Lanfen.

Ta zaro biro. Ta rubuta sunansa, shekarunsa, lambar katin shaidarsa. A layi na huɗu ta ɗan tsaya, sannan ta rubuta sunan titinsu, gini na shida, hawa na uku, ƙofa ta biyu. Rubutun ya fita tsaf kamar kullum.

Suying ta haɗa masa kaya a jakar leda: riga biyu, silifas, da gero a ƙulle, wai na birni ba ya kunu mai kyau. A ƙofar gida ta gyara masa kwala, ya ture hannunta, ta sake gyarawa.

A bakin hanya tsofaffi uku suna zaune a kan dutse suna shan iskar yamma. Ɗaya ya ɗaga murya.

"Changhe! Ina zuwa da jaka, masara a kan rufi?"

"Birni! Famfon ƙanwata ne ya fashe, mijinta kuwa biro kaɗai ya iya riƙewa."

"Ka dawo mana da giya mai tsada!"

"Ku ci kanku!" ya ce yana dariya, ya kama ƙarfen ƙofar mota da hannu biyu ya hau.

Ta ba shi wurin taga. Motar ta fara gangara, gonakin da aka girbe suna wucewa hawa-hawa. Yana kallon waje har suka iso gadar kwari, inda ƙauyen yarinyar da Haibo zai aura yake. Nan ya sunkuyar da kai kamar mai gyaran takalmi, bai ɗago ba sai da gidajen suka ƙare.

"Lanfen," ya ce. "Rannan na ji a talabijin wai ku 'yan birni kun fi mu kamuwa da irin wannan abin. Gaskiya ne?"

Ta riƙe jakar da ke cinyarta da kyau.

"Haka takarda ta ce."

Ya gyaɗa kai, ya juyo ya ƙare mata kallo da damuwa sosai a fuskarsa.

"To ki riƙa kula da kanki. Kin rame, ga shi ba kya cin abincin kirki. In na dawo zan sa a aiko miki da gero."

"To, Yaya," ta ce.