Zanen da Ke Ƙarƙashin Katifa

"Buɗe bakin, Usta Anselmo. Ni ma ina da aiki a gida."

Tsohon ya buɗe, rabin romon ya bi gemu. Nefise ta goge masa tana tsaki. Tun da ciwon ƙirji ya kwantar da Baturen nan mai zane da ake ce wa Usta, wato gwani, ita ke hawa benensa safe da yamma, gwiwoyinta na ƙara kamar tsohon ƙyaure. 'Yan dako da masu kwalekwale da masu tallan kifin Galata, unguwarsu ta bakin teku, duk ya zana su da fentin ruwa, amma ko leƙe ba wanda ya yi. Sai ita, maƙwabciyarsa, tsohuwa mai jan ƙafa.

Kada kuma a ce tausayi ne zalla. Akwai abin da take nema. Tun tana da ƙuruciya ya taɓa hango ta daga tagarsa tana shanya a tsakar gida, kai ba ɗankwali, ya zana ta. Shi da bakinsa ya faɗa mata bayan rasuwar mijinta. Yanzu ga Dikran dillali yana ta zarya, jira yake rai ya fita ya kwashe takardun, ya jera a tagar shagonsa Turawa matafiya su saya. Fuskarta da gashinta a bakin titi, ɗanta kuwa shi ne ladanin unguwa! Wallahi abin ya tsaya mata a rai.

"Yau ma ba za ka faɗa mini inda yake ba?"

"Nefise Hanim, in na faɗa, wa zai kawo mini romo?"

"Ji shi! Numfashi da ƙyar, amma bakin na nan daram."

Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi. Ta tallafe shi har ya lafa. Ta gaji da shi, ta gaji da benen, ta gaji da warin fenti da magani.

Ranar Talata da hantsi ta tarar idonsa ya faɗa. Ya ƙi romo. Da ƙyar ya daki katifa da hannu.

"Yana nan ƙasa. Ba sai kin ƙona ba, ruwa kaɗan ya isa ya tafi da shi. Amma ki duba kafin ki jiƙa."

"Me zan duba? Tsiyar da ka yi mini?"

Bai amsa ba. Kafin azahar ya cika. Ta rufe masa ido, ta ɗaure masa haɓa yadda ake yi wa mamatan Musulmi, don ba ta san yadda mutanensa ke yi ba. Ta leƙa taga ta ce wa mai gasa burodi ya aika a kira limamin cocin su Anselmo. Sannan ta jawo tasar ruwa, ta zaro takardar.

Ga ta nan kuwa, siririya, hannu a kan igiya, tana dariya. Sai dai ba ita kaɗai ba ce. A gindinta wata 'yar yarinya ta riƙe mata gefen riga, ta ɗaga kai, kumatu jajur, kunne ɗaya ya ɗan baje. Gulizar ce, 'yarta ta fari, wadda amai da gudawa suka ɗauke tana shekara uku. Nefise ta daɗe tana laluben fuskar nan a zuciyarta ba ta samu, har ta haƙura. Ashe tana nan, bango ɗaya ne tsakaninsu.

Ta zauna a bakin gadon mamacin, ta yi kukan da ba ta yi niyya ba.

Aka ji takun sawu a matakala.

"Hanim, an ce Usta ya cika?" Muryar Dikran ce.

"Tsaya nan! Ban gama lulluɓe shi ba. Ko gawar ma ta sayarwa ce?"

Ba za ta bar masa takardar ba. Amma ita ma watarana za ta mutu a buɗe akwatinta, a gan ta kai ba ɗankwali. Ta tsoma babban yatsa a tasa, ta juya takardar ƙasa a sama don kada ɗigo ya gangaro kan yarinyar. Ta murza tata fuskar da ke jikin zanen, ta murza gashin, har wurin ya koma dishi-dishi kamar tabon shayi. Hannun da ke kan igiya da gefen rigar da Gulizar ta riƙe, ta bar su.

Dikran ya ƙwanƙwasa ƙofa. Nefise ta hura wurin a hankali, ta sake hurawa. Sannan ta cusa takardar ƙarƙashin mayafi, ta manna ta da ƙirjinta da sauran danshinta.