Wayar Auta a Aljihun Umma

Malamar wasanni ta kafa doka: kowace yarinya ta sa manhajar ƙirga taku a wayarta, wadda kuma ta zo ta ƙarshe a makon nan za a cire ta daga ƙungiyar gudu. Zuwa ranar Juma'a, Auta ce ta ƙarshe. Tana son ƙungiyar kamar ranta, amma son jiki gare ta kamar mage.

Ranar Asabar da safe dabara ta faɗo mata.

"Umma, riƙe min wayar nan a aljihunki, kar ta hana ni karatu."

"Yau kuma? Allah ya yi miki albarka," in ji Umma, ta jefa wayar a aljihun rigar aikinta.

Auta ta shige ɗaki ta buɗe littafi, barci ya yi awon gaba da ita. A lissafinta, ko taku dubu uku Umma ta tara mata, an rage asara. Ai Umma ba ta zuwa ko'ina.

Da la'asar ta karɓi wayarta ta duba. Dubu ashirin da biyu da ɗari huɗu. Ta kashe, ta kunna, lambar tana nan daram.

Ta fito ta auna gidan da ƙafarta. Daga kicin zuwa famfo taku tara. Daga famfo zuwa igiyar shanya bakwai. Zuwa ɗakin Kaka, wadda ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, goma sha ɗaya. Iyakar gidan ke nan. Ta tsaya tana kallon Umma na wucewa da bokiti, ta dawo da tsintsiya, ta sake wucewa da maganin Kaka, tana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Mamaki ya cika Auta, kunya ta biyo baya.

Ranar Litinin sunanta ne a sama. 'Yan ƙungiya suka yi ta tafi, Malama ta dube ta ta saman tabarau.

"Ke kuwa ina kika je ranar Asabar?"

Ƙarya ɗaya ta ishe ta riƙe gurbinta, har ta shirya ta tun a hanya. Ta buɗe baki, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Ban je ko'ina ba, Malama. Ki cire ni. Takun Ummata ne, ita ma ko ƙofar gida ba ta leƙa ba."